Ƙasa ce ta tashi ko teku ne ya ja baya? Muhawara kan dakalan gaɓar teku

Ɗalibar Jogirafi: Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa. An ba mu aiki a kan zirin Boso da ke kudu maso gabashin Tokyo a Japan. A hotunan da aka nuna mana, gaɓar tekun hawa-hawa take, dakali a kan dakali har huɗu, a kan wasu ma gonaki ne da gidaje. An ce kowane dakali a da bakin teku ne, girgizar ƙasa ce ta ɗaga shi, har da shekarun kowanne aka rubuta. Abu biyu ne suka ɗaure mini kai. Ta yaya aka san ƙasar ce ta tashi, ba ruwan ne ya ja baya ba? Sannan wa ya ƙirga wa dutse shekaru?

Malamin Jiyoloji: Wa alaikumus salam. Fara da yadda dakalin yake samuwa, sauran zai zo miki da sauƙi. Igiyar ruwa tana cin dutse a daidai inda ruwa yake tsayawa, shekara da shekaru, har ta share fili mai faɗi a gindin gaɓa, ta bar bango a tsaye a bayansa. Muddin ƙasa da teku suna zaune yadda suke, filin faɗaɗa kawai yake yi. Ranar da ƙasa ta yi sama, sai filin ya fita daga ruwa ya bushe, igiya ta koma ƙasa da shi ta fara sassaƙa sabo. In aka zo awo ba tsakiyar filin ake aunawa ba, kusurwar da fili ya haɗu da tsohon bangon ake nema, domin nan ne bakin ruwa yake a wancan zamanin.

A Boso an yi sa'a, sau biyu abin ya faru a idon mutane. Girgizar ranar 1 ga Satumba 1923, wadda ta halaka mutum sama da 100,000 a Tokyo da Yokohama da kewaye, ta ɗaga kudancin zirin da kusan mita 2. Ta 1703 ta fi ta, wajen mita 6 a wasu wurare. Dakali mafi ƙasa a cikin huɗun nan, waɗanda ake kira Numa, na 1703 ne. Ta 1923 ɗan siririn fili kawai ta bari a ƙasansa. Dalili kuwa, ɓawon duniya a rarrabe yake zuwa manyan faifai masu motsi a hankali, kuma faifan ƙasa na Tekun Filifin yana kutsawa ƙarƙashin wanda Tokyo take kai, a kwarin Sagami da ke ƙasan teku.

Tsohon Safiyo: Malam, biyun da mutane suka gani na yarda, gani ya kori ji. Sauran ukun fa? Yarinyar nan tambayarta ta farko ba ka taɓa ta ba. Ni aikina awon ƙasa, kuma dokar farko ita ce dole ka sami abin da ba ya motsi ka ɗaure awonka a kansa. Ku kun ɗaure a kan teku, tekun kuma yawo yake.

Malamin Jiyoloji: Gaskiyarka Baba, yawo yake, ba kaɗan ba ma. Wajen shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Amurka da arewacin Turai, teku ya yi ƙasa da na yau da kusan mita 120. Ya yi ta cikowa har zuwa wajen shekara 7,000 zuwa 6,000 baya, daga nan ya lafa. Amma ga inda ake kama bambancin. Idan ruwa ne ya sauka, zai bar alama a tsayi kusan ɗaya duk inda ka bi gaɓar. Idan ƙasa ce ta tashi, ba ta tashi daidai. Dakali ɗaya, shekarunsa ɗaya, sai ka same shi can sama a wannan gefen, ka bi shi yana ta gangarowa a wancan. A zirin Huon na Papuwa Niyu Gini akwai tsohon tudun murjani, wato dutsen da wasu ƙananan halittun teku suke ginawa, mai shekara kusan 125,000. A wani ɓangaren gaɓar bai kai mita 100 ba, a wani ɓangaren ya kai wajen mita 400. Ba tekun da zai ja baya a karkace haka.

Ɗan Barno: Ku ba ni dama in sa baki, don mu ma muna da tsohon bakin ruwa a gida. Tudun yashin nan da ake kira Tudun Bama, wanda ya bi ta Maiduguri da Konduga da Bama ya shiga Kamaru, gaɓar tsohon Tafkin Chadi ce lokacin da yake makeke. Tsayinsa wajen mita 320 ne daga matakin teku, tafkin yau kuma yana wajen 280. Wato mu ma ƙasarmu ta tashi da mita 40 ke nan?

Malamin Jiyoloji: A'a, naku shi ne ɗaya gefen maganar. Alamun wannan tsohuwar gaɓa an bi su a Najeriya da Kamaru da Chadi, tsayinsu kusan ɗaya ne ko'ina. Ruwa ne ya ƙafe ya bar ta. Mu a Afirka ta Yamma muna tsakiyar faifai ne, ba wani faifai da ke nutsewa a ƙarƙashin Legas ko Kwatano. Amma dabarun da aka gano shekarun yashin Bama da su, su ne dai ake aiki da su a Japan da Chile.

Ɗan Barno: To Alhamdu lillahi, mun tsira da wannan. Ambaliya ma ta ishe mu.

'Yar Ɗakin Gwaji: Ƙanwata, bari in ɗauki tambayarki ta biyu, don ita ce sana'ata. Dutsen da aka sassaƙa ba shi ake ƙirga wa shekaru ba, shi ya girmi dakalin nesa ba kusa ba. Abin da ya rayu ko ya kwanta a kan filin lokacin da ruwa ke kansa shi ake nema.

In dakalin sabo ne, ɓawon kawa da ƙumba ake ɗauka a auna kabon-14. Duk mai rai yana ɗaukar wannan kabon, in ya mutu ya daina, abin da ke jikinsa kuma rabinsa yana ƙarewa duk shekara 5,730. In an wuce shekara 50,000 abin da ya rage bai isa a dogara da shi ba. Kuma halittar teku tana da matsalarta. Kabon ɗin da ke cikin ruwan teku ya riga ya kwana biyu, saboda haka kawar da ta mutu jiya za ta iya nuna miki shekara wajen 400. A gaɓar Peru da arewacin Chile, inda ruwan can ƙasa ke tasowa sama, ratar ta fi haka. Dole a cire wannan kafin a ce komai.

In akwai murjani, an huta. Ma'adinin yuraniyom yana narkewa a ruwan teku, ma'adinin toriyom ba ya narkewa. Murjani yana gina jikinsa da yuraniyom a ciki, babu toriyom ko kaɗan. Daga ranar sai yuraniyom ɗin ya riƙa rikiɗa yana zama toriyom-230 a hankali, a ma'aunin da aka sani. Ki auna nawa ya taru, kin sami shekaru, har zuwa wajen 500,000. Sharaɗin shi ne ruwan sama bai wanke murjanin ya canza masa jiki ba. Shi ya sa kafin a ɓata kuɗi sai an duba ko ma'adinin asali yana nan ko ya rikiɗe. Mafi yawan abin da ake kwasowa daga tsoffin dakalai a nan yake faɗuwa.

Inda babu murjani babu ɓawo, sai yashi. Ƙwayar yashi in aka binne ta tana tara wani ƙarfi daga tururin ma'adinan da ke kewaye da ita, hasken rana kuma yana goge shi. A ɗakin gwaji sai a haska ta a auna hasken da ta fitar, a san yaushe rabonta da rana. Ana ɗiban samfurin ne a bututu rufaffe, a buɗe shi a ɗaki mai jan fitila. Da wannan aka auna yashin Bama. Japan kuma suna da wata gata, tokar duwatsu masu aman wuta. Kowace toka da kamanninta da shekarunta. Ta dutsen Kikai, misali, shekararta wajen 7,300, duk inda aka gan ta kwance an san abin da ke ƙasanta ya girme ta.

Ɗalibar Jogirafi: Na gode Anti. To in an sami tsayi da shekaru, sai a raba kawai?

'Yar Ɗakin Gwaji: Saura abu ɗaya, inda teku yake a wancan lokacin. A ce kin sami dakali mai shekara 125,000 a tsayin mita 131, wannan misali ne kawai na ƙirƙira don lissafi. A wancan zamanin duniya ta ɗan fi yau ɗumi, an daɗe ana ƙiyasta teku ya fi na yau da mita 6 zuwa 9. Cire 6, saura 125. Mita 125 cikin shekara 125,000, milimita 1 ke nan a shekara. Huon ta kai wajen milimita 3 a inda ta fi sauri. Tsibirin Barbados bai kai rabin milimita ba.

Sarkin Gardama: Yauwa, nan nake jira. Anti, ina kika samo mita 6 ɗin? Domin abin da na karanta, tarihin hawa da saukar teku daga Huon da Barbados ɗin aka ciro shi. John Chappell da abokan aikinsa a shekarun 1970 sun ɗauka cewa ƙasar Huon tana tashi da sauri ɗaya ba canji, da wannan zaton suka lissafa inda teku yake a kowane zamani. Yanzu kuma ku ɗauki wannan lissafin na teku ku ce da shi za ku gano saurin tashin ƙasa. An zagaya an dawo inda aka fara. Wannan ba hujja ba ce, shaidar juna ce tsakanin mutum biyu da ake tuhuma.

Tsohon Safiyo: Allah ya yi maka albarka yaro. Abin da nake ta nufi ke nan.

Malamin Jiyoloji: Tuhumar tana da tushe, amma rabin labarin ka kawo. Mita 6 ɗin ba daga Huon ta fito ba. Daga gaɓoɓin da ba sa kan bakin faifai aka samo ta, irin yammacin Ostareliya da Bahamas da tsibiran Seshel, inda murjanin wannan zamanin yake 'yan mitoci kaɗan sama da ruwa. Da ita aka ɗaure awon Huon, sannan aka lissafa sauran dakalan da ke tsakani. Zaton cewa saurin bai canza ba, e, zato ne. Amma akwai shaida ta uku da ba ruwanta da gaɓa: lakar ƙasan teku. Ƙananan halittun da suka mutu suka kwanta a cikinta suna riƙe da alamar yawan ƙanƙarar duniya a zamaninsu, a nau'in iskar oksijin da ke ɓawonsu. Lokutan da lakar ta ce ƙanƙara ta narke teku ya cika, su ne lokutan da murjanin Barbados ya bayar tun aikin Wallace Broecker da abokansa a 1968: wajen shekara 82,000, da 103,000, da 122,000. Hanya biyu daban, amsa ɗaya.

Sarkin Gardama: Lokaci ya dace, na ji. Tsayi fa?

Malamin Jiyoloji: Tsayi shi ne mai rauni, kuma har yau ana jayayya a kan 6 zuwa 9 ɗin, wasu na ganin bai kai haka ba. Amma duba girman kuskuren. In dakali yana mita 400, saɓanin mita 3 ba ya canza komai. In yana mita 10, saɓanin mita 3 shi ne dukan maganar. Wurin da ƙasa ke tashi da sauri lissafin yana da ƙarfi, wurin da take rarrafe sai a yi hattara. Har ma akwai gaɓoɓi a Brazil da Ostareliya da ke da alamar tsohon bakin ruwa mita 1 zuwa 2 ko fiye sama da na yau, mai shekara dubu biyar zuwa bakwai, ba tare da wata girgiza ba. Nauyin ƙanƙara da ruwa ne da ya sauya wuri ya sa ƙasa da teku suke ta gyara zama. Wanda ya ga ƙaramin dakali ya yi ihun girgizar ƙasa ya yi gaggawa.

Umman Khalifa: Ni dai ina karatu ina jinku. Amma girgizar ƙasa ikon Allah ce, ba wanda ya san ranarta sai Shi. Kada ilimi ya kai mu ga da'awar sanin gaibu.

Malamin Jiyoloji: Haka ne Hajiya, kuma babu masanin kirki da zai ba ki rana ko shekara. Wannan karatun abin da ya riga ya wuce ne, domin mai gina asibiti ko tashar jirgin ruwa a bakin teku ya san irin abin da wurin ya taɓa gani.

Sarkin Gardama: To ai ko wannan ɗin ina da ja. Ana cewa dakali huɗu, girgiza huɗu, a raba shekaru a ce duk shekara kaza take dawowa. Anti, gaya musu abin da ya sami lissafin Boso.

'Yar Ɗakin Gwaji: Zan faɗa, ba abin ɓoyewa ba ne. An daɗe ana cewa dakalan Numa uku na sama shekarunsu wajen 7,200 da 5,000 da 3,000, sai na 1703. In ka duba sai ka ce duk shekara dubu biyu da wani abu irin ta 1703 take zuwa, kuma tunda ta zo shekara ɗari uku baya, da sauran lokaci. Sai a 2017 masu bincike na Japan suka fitar da sakamakon haƙa ramuka da yawa a filin Chikura, suka auna ɓawo masu yawa maimakon ɗaya ko biyu. Suka sami wajen 6,300 da 3,000 da 2,200. Duk sun fi ƙuruciya, kuma tazarar ba daidai take ba, wata ta haura shekara dubu uku, wata ba ta kai dubu ɗaya ba.

Dalilin saɓanin yana da sauƙin ganewa. Igiya tana kwaso tsohon ɓawon da ya mutu tun tuni ta zuba a kan sabon fili. In kika tsinci ɗaya kika auna, shekarun ɓawon kika samu, ba na dakalin ba. Dakali ba zai girmi ɓawo mafi ƙuruciya da ke cikinsa ba, saboda haka sai an auna da yawa a nemi ƙaramin cikinsu. Mafi kyau ma a sami halittar da ta mutu a manne a inda ta rayu, ɓawonta biyu a haɗe.

Niyu Zilan ma sun ga irin wannan. A Turakirae, kusa da Wellington, akwai jerin tudun duwatsun gaɓa. An daɗe ana cewa girgizar 23 ga Janairu 1855 ta ɗaga wurin da ƙasa da mita 3, tudun da ke sama kuma na wata girgiza ce ta ƙarni na 15. Da aka auna ɓawon da ke manne a duwatsun sai ga shi tudun na 1855 ne, tashin kuma ya kai mita 6.4. Girgiza guda ta fita daga lissafin wurin, wata kuma ta ninka girma.

Ɗan Barno: Wannan ta 1855 ce ta ɗaga wurin da suka so su yi wa jiragen ruwa masauki a Wellington, ya koma filin wasan kurket, ko?

'Yar Ɗakin Gwaji: Ita ce. Basin Reserve, har yau ana wasa a wurin.

Tsohon Safiyo: To kun gani. Lamba ta yi shekara talatin a littafi, a zo a ce ba haka ba.

Malamin Jiyoloji: Baba, da awo aka gyara awon ai, ba da gardama ba. Ni abin da ya fi damuna da ɗalibai ba kuskuren shekaru ba ne. Ɗauka da suke yi cewa ƙasa hawa kawai take yi, shi ne babban kuskure. Ku dubi tsibirin Santa Mariya a Chile. Bayan girgizar 20 ga Fabrairu 1835, Robert FitzRoy, kyaftin ɗin jirgin da Charles Darwin yake ciki, ya tarar da ƙumba manne a dutse suna ruɓewa, kusan mita 3 sama da inda ruwa ke kaiwa. Daga baya aka gwada taswirar zurfin ruwa da ya zana da awon zamani, aka ga tsibirin ya koma ƙasa da wajen mita 1.4 kafin 2010. Girgizar 27 ga Fabrairu 2010 ta sake ɗaga shi da wajen mita 1.8. Tsakanin girgiza da girgiza faifan biyu a cije suke, na ƙasa yana jan bakin na sama yana lanƙwasa shi, ranar da suka kuɓuce ya mayar. Yawancin abin da girgiza ta bayar, shekarun da ke biye suna karɓewa. Dakali kamar kuɗin da ya rage wa ɗan kasuwa ne a ƙarshen shekara: yana nuna an ci riba, ba ya nuna ciniki nawa aka yi. Faifan Nazka yana shiga ƙarƙashin Chile da fiye da santimita 6 a shekara, amma yawancin gaɓar ribar da take tarawa ba ta kai rabin milimita ba.

Kuma ba ko'ina ke tashi ba ranar girgiza. A 1960, girgizar Chile mai ƙarfin 9.5 ta ɗaga tsibiran da ke can cikin teku, ta nutsar da yankin Valdivia da wajen mita 2, gonaki suka zama fadama. A Alaska a 1964 George Plafker ya bi gaɓa a jirgin ruwa yana auna layin ƙananan halittun da suka bushe a jikin duwatsu. Ya ga ɓangaren da ke fuskantar teku ya tashi, a tsibirin Montague har wajen mita 11, ɓangaren ciki kuma ya nutse. Daga wannan tsarin ya ce tsagar ƙasar da ta motsa ta jawo girgizar a kwance take tana gangarawa ƙarƙashin ƙasa, ba a tsaye ba kamar yadda wasu manyan masana girgiza suka ce a lokacin. Shi ya yi gaskiya.

Ɗalibar Jogirafi: Malam, ke nan girgiza za ta iya zuwa ta wuce ba ta bar dakali ba?

Malamin Jiyoloji: Sosai. Ta 1923 ma, da igiya za ta sami shekara dubu tana cin ɗan filin da ta bari, ko ƙasa ta koma da shi cikin ruwa, wa zai san an yi ta? Manya ne kawai suke tsira. Akwai kuma tambayar wace tsaga ce ta motsa. Ta 1855 tsagar Wairarapa ce, wadda take cikin faifan sama. A tsibirin Kirit na Girka, girgizar 21 ga Yuli shekara ta 365 ta ɗaga yammacin tsibirin har wajen mita 9, tsohuwar tashar jiragen Falasarna tana nan a tudu fiye da mita 6 sama da ruwa, igiyar da ta taso kuma ta afka wa Iskandariyya a Masar. Murjanin da aka auna ya dace da shekarar. Amma masana da yawa suna ganin ba mahaɗar faifan biyu ce ta motsa ba, wata tsaga ce mai tsayuwa a samanta. In haka ne, saurin tafiyar faifai ba zai gaya maka yaushe irinta za ta dawo ba.

'Yar Ɗakin Gwaji: Shi ya sa nake son aikin da Kerry Sieh da Danny Natawidjaja suka yi a tsibiran Mentawai na Sumatra. Akwai murjanin da ke girma har ya taɓo matakin da ruwa ke janyewa, daga nan ba ya iya yin sama sai gefe. In ƙasa tana nutsewa a hankali sai ya sami sarari ya ƙara tsawo. In ta tashi farat ɗaya sai samansa ya mutu. Ana yanka shi da zarto a ƙirga layukan girmansa na shekara-shekara, a haɗa da yuraniyom. A nan ana ganin nutsewar da tashin duka, ba ragowar kawai ba. Da shi suka fitar da girman girgizar 1797 da ta 1833.

Sarkin Gardama: Wannan na yarda da shi, don yana nuna shiga da fita. Amma Japan ɗin da muka fara da ita fa? Gaɓar Sanriku a arewa maso gabas. Ma'aunan ruwa na tashoshin jirage sun nuna tana nutsewa shekaru da dama kafin 2011. Aka ce to, girgiza in ta zo za ta mayar. Ta zo ranar 11 ga Maris, zirin Oshika ya matsa gabas da fiye da mita 5, ya kuma ƙara nutsewa da wajen mita 1.2. Kafin girgiza ƙasa, ranar girgiza ƙasa. Amma a bayan garuruwan ga dakalai a tudu suna cewa gaɓar tashi take yi. Yaushe take tashin? Da dare?

Malamin Jiyoloji: Wani ɓangare bayan girgizar. Tun 2011 Oshika take dawowa sama, santimita gommai, har masunta suka koka cewa dakalan tashar da aka ƙara wa tsawo bayan bala'in sun yi wa jiragensu tsayi, a wasu wuraren sai da aka rage su. Ko wannan dawowar za ta biya duk abin da aka rasa har ta bar riba, awon shekaru masu zuwa ne zai nuna.

Sarkin Gardama: Wato ba a rufe maganar ba.

'Yar Ɗakin Gwaji: Ba a rufe ba, kuma wani ɓangaren rikicin namu ne na masu ƙirga shekaru. Dakalan Sanriku da aka tabbatar da shekarunsu da tokar aman wuta a arewacin gaɓar suke, wajen Hachinohe. Na kudu yawanci kamanni aka duba aka ce ai 'yan zamani ɗaya ne. Da aka haƙa filin Rikuzentakata a kudu aka auna lakar da ke ƙarƙashinsa, sai ta nuna wurin nutsewa yake yi a cikin shekara dubu goman nan ma. Ke nan mai yiwuwa arewa da kudu ba hali ɗaya suke ba, an haɗa su ne a jimla ɗaya.

Tsohon Safiyo: To 'yata mai aikin makaranta, duk lambar da za ki kwafa a kan Boso, ki rubuta a gefenta me aka auna, ɓawo ne ko toka, guda nawa, kuma a wace shekara. In malaminki ya ba ki 7,200 ki tambaye shi ko ya ga ta 2017.

Ɗalibar Jogirafi: In sha Allah Baba. 7,200 ɗin kuwa ita ce a takardar da aka raba mana.